Kawu Cafke da Hannun Rariya

Duk wanda ya san Kawu Isiya ya san ba ya miƙa abu. Jefowa yake yi. Goro, makullin babur, carbi, albasa, wayar salula, har ƙwai; in dai abu zai riƙu da hannu ɗaya, to ta sama zai iso maka. Kuma ba ya kallonka in zai jefo. Yana zaune a bakin zaure yana musu da wani a kan tsadar taki, sai kawai ka ji, "Cafke!" Kafin ka waiga abu yana tafin hannunka, ya kwanta lamo kamar ɗan tsako. Shi ya sa daga Bebeji har kasuwar Tudun Wada ba mai ce masa Isiyaku. Kawu Cafke ne a bakin kowa, har da waɗanda suka girme shi.

Matarsa, Inna Laure, ta fi shekara talatin tana karɓar cefane ta saman katanga. Bai ko sauka daga babur ba za ka ji, "Laure, cafke!" Sai tumatir da attaruhu da ƙullin daddawa su biyo juna ta sama, ita kuwa tana daka da hannu ɗaya tana karɓa da ɗayan. Na taɓa tambayarta, "Inna, yaya yake sanin inda kike tsaye alhali katanga ce tsakaninku?"

Ta ce, "Yo ƙarar turmi mana. Ranar da ba na daka, tari nake yi masa."

Ranar sunan ƙanina kuwa, kun tuna abin da ungozoma ta yi. Ta rungume jariri tsam a ƙirjinta ta ce, "Kowa ya zo ya ɗauka, ban da Isiya!" Ya yi ta rantsuwa cewa da hannu biyu zai mayar. Ta ce ta ji, amma ya gan shi daga nan.

Kawu yana da aƙida ɗaya da bai taɓa sauka daga kanta ba: in abu ya faɗi ƙasa, laifin mai jefawa ne. Yakan ce, "Mai karɓa ba ya kuskure. Kai ne ba ka karance shi ba." Kuma babban abin alfaharinsa a duniya, wanda ya fi kofuna da lambobin da ke cikin tsohuwar akwatinsa, shi ne bai taɓa haɗuwa da ɗan Adam ɗin da ya kasa saka wa abu a hannu ba. Tsoho, yaro, mai larurar ido, mai goyo, duk ya saka musu.

Sai mutum ɗaya. Ni ce, Safiya, 'yar yayarsa.

Tun ina ƙarama jikina ne kawai ke zama inda aka ajiye shi. Hankalina yana can wajen girgije, ko yana bin belbelu su sauka a bakin ruwa. In Kawu ya ce "Cafke!" sai in zabura kamar an tashe ni daga barci, hannayena su tafi gabas, abu ya tafi yamma. Shi ya laƙaba mini Hannun Rariya. Amma ko sau ɗaya bai yi mini faɗa ba. Sai ya dubi abin da ya fashe a ƙasa, ya dubi hannunsa, ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ni ce tabon da ke jikin farar rigarsa, kuma ya rantse ba zai bar duniya da wannan tabo ba.

Kafin ku gane nauyin wannan rantsuwa, sai na tuna muku daga ina hannun nan ya fito, domin samarin yanzu sun san shi ne kawai a matsayin tsoho mai noman kankana.

Lokacin da ruwan Tiga ya ci tsohon garinmu aka dawo da mutane nan kan tudu, kowa gida yake nema kafin damina ta faɗi. Kakana Malam Habu magini ne, aiki ya yi masa yawa har ba ya samun zama. Kawu a lokacin bai wuce shekara goma ba, shi aka sa jifan tubali. Magini zai hau katanga ya yi mata zaman doki, mai jifa yana ƙasa yana cilla masa tubalin ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya ce mini sirrin aikin ɗaya ne. Tubali in ka jefa shi sama, akwai wani ɗan lokaci da ya gama hawa bai fara sauka ba. A nan ba shi da nauyi ko na gashin tsuntsu. To a daidai nan ake so ya tarar da hannun magini. In ya iso da wuri ya doki yatsa, in ya makara ya ja mutum ƙasa. Kakana ba ya duban ƙasa, miƙa hannu kawai yake yi yana ci gaba da waƙarsa. Rabin ɗakunan tsohuwar unguwarmu ta sama suka bi ta hannun yaron nan kafin su zama ɗakuna. Ni har yau in na wuce su sai in ga kamar ba a kan ƙasa suke tsaye ba, a kan wancan ɗan lokaci suke tsaye.

Da ya tafi makarantar kwana, wata rana aka kawo lemo ɗakin cin abinci aka sa shi rabo. Maimakon ya bi tebur-tebur, sai ya tsaya a bakin ƙofa da buhu yana cilla wa kowa nasa, na kusa da na nesa, yana hira da wani. Malamin wasanni yana tsaye ya saki baki. Da buhu ya ƙare ya ce, "Kai, ɗan guntu, zo nan. Ka taɓa buga ƙwallon kwando?"

Kawu ya ce, "Malam, ni da dogayen nan ke ɗora gwiwar hannu a kaina in sun gaji?"

Malam ya ce, "Dogaye ina da su kamar gonar rake. Wanda zai ciyar da su nake nema."

A wasan nan mutum biyar-biyar ne. A cikin biyar akwai ɗaya da ke ɗauko ƙwallo tun daga baya, shi ke ganin fili gaba ɗaya, shi ke yanke wa zai samu da yaushe. Shi ne mai rabo, kuma sau da yawa shi ne mafi gajarta. Wannan gurbi Malam ya ba shi. Da aka kai shi fili aka nuna masa inda ake zura ƙwallo, ya leƙa ta ƙasa, ya leƙa ta gefe, ya ce, "Malam, wannan kwandon ai ba shi da gindi."

"Haka ake yin sa."

"To me za a zuba a ciki? Ai asara ke nan!"

Wallahi daga ranar har ya bar wasa, da ƙyar da siɗin goshi ake sa shi jefawa a kwando. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Ni ba na zuba abu a kwandon da ba shi da gindi. A hannun mutum nake zubawa."

Malamin nan ne ya matsa masa ya koyi aiki da hagu kamar dama, wai mai rabo da hannu ɗaya rabin mutum ne. Kawu ya dage har hagunsa ta goge. Ya zo hutu yana ji da kansa. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci dattawa suna zaune a zauren kakana, sai Liman ya ce ko akwai mai ɗan goro. Kafin ya rufe baki goro yana hannunsa, fari tas. Liman ya ji daɗi har ya sa albarka. Kakana kuwa sai da baƙi suka watse ya kira shi.

"Isiya, da wane hannu ka ba Liman goro?"

"Baba, ai Malamin wasanni ne ya ce..."

"Malamin wasanni ne ya haife ka? Liman guda, da hagu, a zaurena?"

A ranar ya yi wa mahaifinsa alkawari ba zai ƙara ba ɗan Adam abu da hagu ba, a fili ko a gida. Ya koma makaranta da matsala: abokin wasa yana hagunsa, abokin hamayya ya tare masa dama, ga alkawari. Sai ya zagaya da hannun dama ta bayan ƙugunsa ya saki ƙwallo ta can. Jama'a, wannan jifa ta baya da 'yan kallo suka riƙa tashi tsaye suna ihu a kanta shekara da shekaru, wadda yara suka riƙa kwaikwayo har suna targaɗe, ba gwaninta ce ta haife ta ba. Ladabi ne! Yakan ce, "Hagu ta yi ta dukan ƙwallo da ƙasa, ƙasa ba ta jin haushi. Amma mutum, sai da dama."

Daga makaranta aka ɗauke shi ƙungiyar jiha. Daga nan wani kulob a Kano ya ɗauke shi da albashi. Da labari ya iso gida kakana ya ajiye cokalin gininsa ya ce, "Albashi? Don jifa? Ikon Allah! Ashe ma'aikacin gwamnati na riƙa aike da furar rana ban sani ba." Daga baya wani babban kulob na Legas ya zo ya tafi da shi.

Labarin Legas ba daga bakinsa na ji ba, don shi in ka tambaye shi sai ya ce an yi wasa an gama. Dogo Bitrus ne ya ba mu, mutumin nan na Filato da ya zo ta'aziyya, wanda kuka ga sai da ya ninke biyu kafin ya shiga zaure. Tare suka yi wasa.

Ya ce an kawo musu sabon koci mai zafin rai. Ya duba takarda ya ga Isiya ya buga wasanni da yawa bai jefa a kwando ba sai abin da ba a rasa ba. Ya kira shi ya ce, "A wasan Asabar, ko ka jefa, ko ka kama hanyar Kano." Shi ma Bitrus an gaya masa tasa, domin a lokacin hannunsa ya mutu, duk abin da ya jefa baya shiga. Su biyun a bakin kora suke.

Asabar ta zo. Ana saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, an fi su da maki ɗaya. Sai Kawu ya zare ƙwallo daga hannun wani ƙato kamar mai zare ƙaya, ya sheƙa da gudu, ya isa gindin kwando shi kaɗai. Babu kowa a gabansa. Bitrus ya ce, "'Yata, ko kakarki aka ajiye a wurin za ta zura." Ɗakin wasa ya ɗauka, "Jefa! Jefa!" Koci yana tsalle kamar wanda ya taka garwashi.

Kawu ya tsaya cak.

Bitrus ya ce shi yana can baya yana tahowa da gudu, ba don yana sa rai ba, don dai kada a ce ya tsaya. Sai ya ga hannun dama ya zagaya ta bayan ƙugu. Mutumin nan bai waiga ba. Ƙwallo ta tashi sama a hankali, ta je gefen kwando, ta tsaya. Da ya zo nan a labarin, sai Bitrus ya dube ni. Ya ce, "Na rantse miki tsayawa ta yi tana jirana. Ban ji nauyinta ba. Hannu kawai na ɗora, ta shiga." Aka busa tashi.

Koci ya zo yana huci, ga murna ga fushi, bai san wanne zai fara ba. "Me ya sa ba ka jefa ba?"

Kawu ya ce, "Koci, mai jifan tubali ba ya hawa katanga. In na hau, wa zai jefo mini?"

Bitrus kuwa tambayarsa daban ce. "Isiya, yaya aka yi ka san ina bayanka?"

"Takalminka na hagu yana kuka, ƙiii, ƙiii. Wata uku ina ce maka ka sake shi. Gara da kunnen ƙashi gare ka."

Ba a kori ko ɗaya ba. Bitrus ya ƙara shekaru yana wasa, ya ce gidan da yake ciki yanzu da 'ya'yansa da jikokinsa, a kan wannan jifa aka gina shi.

Na taɓa ƙure Kawu da tambaya. Na ce, "To in an yi maka ƙeta, alƙalin wasa ya tsayar da kai a layi ya ce dole kai za ka jefa, yaya kake yi?" Ya ce, "Sai in ga Baba zaune a saman allon da ke riƙe da kwandon ya miƙo hannu yana waƙa. Shi nake jefa wa. In ta bi ta kwandon, ruwanta."

To mutumin da ya yi wannan duka, shi ne ya dawo gida da gwiwa mai ciwo ya kama noman rani, ya tarar da ni. Kai, na ba Kawu wahala! Ya fasa mini madubi biyu. Kwalbar man shafawa da ya sayo mini a Bagauda, a gindin rijiya ta ƙare. Ƙwai kuwa, Umma ta kai ga cewa, "Isiya, don girman Allah in za ka ba 'yar nan ƙwai ka dafa shi tukuna."

Ya ce, "Yaya, ki bar ni da ita. Na karanci ƙattan Legas, yarinya ba za ta gagare ni ba."

Ya riƙa nazarina kamar abokiyar hamayya. Ya gwada ta dama, ya gwada ta sama. Ya gwada kiran sunana sau biyu kafin ya jefo. Ya gwada da safe, wai ko hankalina bai riga ya fita kiwo ba. Har ya tambayi Umma ko da wace ƙafa nake fara tashi. Ranar da na samu shiga jami'a ya sayo mini biro mai kyau a Kiru, ya tara mutane, ya ce yau rana ce ta sa'a. "Rariya, cafke!" Biro ya dira a goshina, ya gangara cikin kwatami. Kowa ya fashe da dariya ban da shi. Na ji kunya har na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ni ce ba ni da hannu."

Ya ce, "Kul! Kada in ƙara ji. Hannu gare ki har biyu. Ni ne ban karance ki ba tukuna."

Na ce, "To ka miƙo mini mana, sau ɗaya, a huta."

Ya dube ni kamar na ce ya ci da hagu. "In miƙo? Ni? Ashe ba kya ƙaunata."

Bara bayan an kwashe amfanin gona ciwo ya kwantar da shi. Da na zo duba shi Inna Laure ta tare ni a tsakar gida ta ce hannun damansa rawa yake yi, ko kofi ba ya iya ɗagawa sai an taimaka masa. Hagun lafiyarsa lau, amma ya ƙi ko da tura wa mutum filo da shi. Na yi ta tuna madubi da ƙwai da biro, ina cewa a raina shi ke nan, zai tafi da tabonsa, kuma ni ce sila.

Hantsi ne, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan tabarma. Ya rame sosai. Yana kwance ya ba ni baya, fuskarsa na duban bango. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi.

Ya ce, "Rariya ce?"

"Ni ce, Kawu. Ya jiki?"

"Jiki ya yi wasansa, ana jiran busa. Ke da kika yi karatu, yi mini addu'a mana. Mai tsawo, kada ki yi mini rowa."

Na gyara zama, na ɗaga hannu, na rufe ido. Na fara roƙa masa sauƙi, da gafara, da rahama. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Na dai san a karo na farko a rayuwata hankalina bai tafi ko'ina ba, yana nan tare da jikina a ɗakin nan. Sai na ji wani abu ya sauka a tafin hannuna. Ba faɗowa ya yi ba, sauka ya yi, kamar yadda tsuntsu ke sauka a reshen da ya saba.

Na buɗe ido. Dabino ne guda ɗaya.

Kawu yana nan yadda yake, fuskarsa a bango. Hannun damansa ne kawai ya zagayo ta bayan ƙugu, yana rawa a kan bargo. Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa har da tari.

Ya ce, "Shekara ashirin ina yi miki ihu kafin in jefo. Ashe kuskuren ke nan. Ke ba a kiranki. Jira ake yi ki buɗe hannu da kanki." Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Laure! Zo ki shaida! Babu saura!"

Inna Laure ta shigo da gudu da muciya a hannu, ta ga dabino, ta ga ni ina kuka, ta rasa ko guɗa za ta yi. Ni kuwa na damƙe shi na ce zan adana shi har abada.

Ya ce, "Adana me? Ci za ki yi. Dabino ne, ba lambar yabo ba. Kada ki yi mini asara."

Na ci, ina kuka ina taunawa. Kwana huɗu bayan nan aka busa masa tashi.

Har yanzu, in lokacin cefane ya yi, Inna Laure takan samu kanta a gindin katanga tana ɗan tari. Sai ta tuna, ta koma ɗaki.

Ya Allah, ga bawanKa Isiyaku ɗan Habu magini. Ya tsaya a ƙasa duk rayuwarsa don wasu su hau, bai taɓa ɗora wa mai karɓa laifi ba, kuma ya riƙe alkawarin mahaifinsa har hannunsa ya gaza. Ka sauke masa duk wani nauyi, ya iso ga rahamarKa sakayau kamar tubalin da ya gama hawa. Ka haɗa shi da Babansa a gidan da ba ya rushewa. Mu kuma da muka rage, ga hannayenmu a buɗe. Amin.